Yadda za ka ci Asabar a Katsina idan hunturu ya leƙo

Ƙarshen Nuwamba, an gama kaka, hazo ya fara sauka. In kana son tattaki, ka fito da zarar gari ya waye, kafin ababen hawa su ta da ƙura. Ka shafa man kaɗe a leɓe da dunduniya, ka sa rufaffen takalmi. Silifas a wannan lokaci faso kawai yake jawowa. Ni daga Ƙofar Soro nake tasowa, in bi ta wajen Hasumiyar Gobarau, in dawo ta lungu, inda mai ƙosai ta riga ta hura wuta.

Ka sayo ƙosan da ɗan yawa. Ka leƙa zauren dattijon maƙwabcinka, ka ce, "Baba, ina kwana, yaya sanyi?" ka ajiye masa nasa. Kada ka miƙe ƙafa. Hira ta bayan La'asar ce, a bakin ƙofa.

In ka dawo gida, in kana kiwon tattabaru, su ne aikin. Ka share ɗakinsu, ka kare ɓangaren arewa maso gabas da buhu, don daga can iskar take busowa. Ruwansu a sauya shi kullum, ƙura ba ta barinsa. Sabon gero ya fi araha yanzu, ka saya musu da yawa ka ajiye. Kyanwa kuwa tsohon bargo a kwali ya ishe ta, sai dai ka duba ƙarƙashin mota kafin ka tayar da safe, ɗumin inji yana janta.