Kurakuran da suke kashe injin dizal bayan an sake haɗa shi a gida

Na gaji da jin labari iri ɗaya: mutum ya sauke injin motarsa mai shiga daji, ya kwashe watanni yana haɗawa da hannunsa, ya tayar ana ta barka, bayan 'yan makonni kuma inji ya koma hayaƙi ko ya buga, sai a ɗora laifin a kan kayan gyara. Jabun kaya suna nan, ban musa ba, amma a yawancin injinan da aka kira ni in duba, kayan ba su da laifi. Abin da ya kashe su shi ne wani abu da ba a auna ba, ko wani abu da ba a wanke ba, kuma ni kaina na taɓa biyan kuɗin duka biyun.

Tun kafin a kwance noti na farko ake fara kuskure, wato rashin tambayar me ya kashe injin tun asali. Motar da take shiga ƙura da laka da ruwa ba tsufa kaɗai ke cin injinta ba. Idan kan fistin ya narke, a zargi nozul, wato abin da yake fesa mai cikin silinda, cewa ɗigar mai yake yi maimakon feshi. Idan bangon silinda ya cinye da wuri, a bi bututun iska daga matata har zuwa tobo, wato na'urar da take cusa wa inji iska da ƙarfi, a nemo inda ya tsage yana shigar da ƙura. Idan zafi ne ya ƙona gasket, wato shimfiɗar da take toshe mahaɗar gangar inji da murfinsa, a duba lagireto, domin busasshiyar laka tana toshe shi daga waje alhali ruwan cikinsa tas yake. Wanda ya zuba sababbin fistin ya mayar da tsohon nozul ɗin da ya narka na farko, ranar sake sauke inji kawai ya ɗage.

Sai maganar awo. Injin dizal ba shi da fulogin da ke kunna mai. Matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, kuma matsin yakan kai ninki 16 zuwa 22, inda na fetur yake wajen ninki 10. Saboda haka tazarar da ke tsakanin kan fistin da tof silinda, wato murfin da yake rufe saman silinda, 'yar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma a injina da yawa fistin yakan ɗan leƙo sama da fuskar bulok, wato gangar jikin injin. Wannan leƙowar ce take nuna kaurin gasket ɗin da za a sa, shi ya sa injina irin 200Tdi da 300Tdi na Land Rover da 1HZ na Toyota suke da gasket kauri-kauri, ana bambanta su da huji ko tsaga a gefe. Ba a sayen gasket sai an auna kowane fistin da agogon awo. Awon yana tona wani asirin ma: in fistin ɗaya ya zauna ƙasa da 'yan uwansa, mai yiwuwa kwanarod ɗinsa, wato sandar da ta haɗa shi da karanshaf, ya lanƙwashe ranar da injin ya shaƙi ruwa a rafi, tunda ruwa ba ya matsuwa.

Kuskuren da ya fara cin kuɗina shi ne wanki. Na karɓo bulok daga wurin masu borin yana ƙyalli, an wasa bangon silinda ya fito da zanen nan mai gicciye, na watsa masa fetur, na busa iska, na ce ya wanku. Ashe bai wanku ba. Dutsen da ake wasa silinda da shi yana barin gari mai kaifi a cikin zanen, kuma fetur ko kananzir ba sa ɗaga wannan garin, ƙara kwantar da shi suke yi. Ban yi wata uku ina hawa ba injin ya fara shan baƙin mai yana hura hayaƙi ta murfin bawul, da na sake buɗewa na tarar da ringi sun cinye, metal kuma, wato siraran ƙarafan da karanshaf yake juyawa a kansu, duk ƙarce kamar an goge su da yashi. Ni na saya, ni na haɗa, ni kuma na bar abin da ya cinye su a ciki! Tun daga ranar ruwan zafi da sabulu da buroshi nake amfani da su, sannan in shafa farin ƙyalle mai ɗan mai a bangon kowace silinda. Muddin ya fito da toka-toka, komawa wanki nake yi, ko sau shida ne. Hanyoyin mai na cikin bulok da na karanshaf sai na cire toshiyarsu na zura siririn buroshi. Da na gama nake busarwa in shafa mai nan take, domin ƙarfen yana fara tsatsa kafin ka juya. Kuma in metal ne ya buga a baya, ba na wanke na'urar sanyaya baƙin mai, sabuwa nake sawa. Wasu suna ganin ɓarnar kuɗi ce, su suka sani.

Akwai ƙananan abubuwa da bai kamata a ce har yanzu ana faɗarsu ba. A sa wa murfin kowane kwanarod da na karanshaf alama kafin a cire, domin ba a musanya su. Ringi yana da sama da ƙasa, kuma ba a jera bakunansu a layi ɗaya. Ƙusoshin tof silinda irin waɗanda ake ɗaurewa da kusurwa miƙewa suke yi, ni ba na mayar da su, kuma daga tsakiya ake fara ɗauri ana fitowa waje da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. Gam ɗin gasket in ya yi yawa yakan gutsure ya toshe rariyar famfon mai. Bayan sa tayimin bel a juya inji da hannu zagaye biyu a sake duba alamomi, domin a irin waɗannan injina fistin da bawul ba su da wurin kauce wa juna.

Kuskure na biyu da ya kusa hallaka ni shi ne intakula, na'urar da take sanyaya iskar tobo kafin ta shiga inji. Ina roƙon ku da Allah, ku da kuke ɗora sabon inji ku mayar masa da tsofaffin bututu ba ku leƙa cikinsu ba, ku bari. Tsohon tobo ɗina ya daɗe yana zubar da baƙin mai cikin intakula, ni kuwa hankalina duk yana kan fistin da metal. Na tayar, ya yi silo lafiya, da na taka totur sai iska ta kwaso man nan ta watsa cikin silinda. Injin dizal ba ya tambayar wane mai aka ba shi. Ya ɗauki gudu yana kururuwa, hayaƙi ya rufe ko'ina har ban ga bango ba, na kashe makulli na zare shi, ga shi a hannuna amma inji sai ƙara gudu yake, domin makulli man dizal kawai yake yankewa, shi kuma baƙin mai yake sha. Allah ya sa motar mai kulochi ce: na danne birki, na jefa babbar giya, na saki kulochi, ya shaƙe ya mutu. Duk abin bai kai minti ɗaya ba, amma sai da na sake sauke injin. Yanzu ba na tayar da sabon haɗi sai na wanke intakula da bututunsa sun bushe sarai, na ɗura baƙin mai a mashigar man tobo, sannan na ajiye katako mai faɗi kusa da bakin iska domin toshewa. Katako na ce, kada wani ya kai tafin hannu ko tsumma wurin.

Na ƙarshe shi ne tausayin da bai da amfani. Mutum ya sha wahalar haɗi, sai ya bar inji yana silo awa biyu wai kada ya wahala, alhali ringi ba sa zama daidai sai matsin ƙonewa ya danna su jikin bango; in babu nauyi, bangon yakan yi santsi kamar gilashi, injin kuma ya dinga shan mai har ƙarshen ransa. Ni dai nakan juya shi da kik ba tare da mai na zuwa nozul ba har fitilar baƙin mai ta mutu, in tayar, in duba yoyo, da ya ɗumama in fita hanya ina hawa tudu da matsakaicin totur ina sauya gudu. Baƙin mai na gama-gari nake zubawa a wannan lokacin, ba sintetik ba, kuma a kilomita 800 nake juye shi, in yanka matatar man in baje takardarta a rana in ga ko akwai ƙyallin ƙarfe.