Kafin ki rufe cop-bokis: yadda za ki tsare lafiyar ɗanki a makarantar kwana

Yara uku na kai makarantar kwana daga nan Aboabo a Kumasi, kuma sai a kan ta ukun na iya abin. Na farkon biyu, da zarar sakamakon BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ya fito an tura su makaranta, hankalina sai ya koma kan akwati: gari olonka nawa, shito kwalba nawa, sikari, madara, sabulu. In na ga cop-bokis, wato akwatin abincin nan, ya cika har murfi ba ya rufuwa, sai in ce na gama nawa. Autata ce ta koya mini akwai sauran aiki, domin ita tana da sikila.

Fara da katin inshorar lafiya, kuma ki fara tun ana saura wata guda a tafi. Danna *929# a wayarki, ki duba ko katin yana da rai. In ya mutu, nan take za ki sabunta shi da momo, wato kuɗin waya, ba sai kin je kin bi layi a ofis ba. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuɗin kaɗan ne. Dalilin da na ce wata guda shi ne, katin da ya daɗe a mace ba ranar da aka sabunta shi yake fara aiki ba, akwai jira. Tun Satumban 2017 gwamnati ta ɗauke mana kuɗin makaranta da na abinci da na kwana a sakandare, shi ya sa wasunmu suke zaton har asibiti an ɗauke. In aka kai yaro asibiti, katin za a fara tambaya. Ki ba shi na asali ya riƙe, ki yi fotokwafi biyu, ɗaya na gida, ɗaya na malamin ɗakin kwanansu.

Sai takardar likita, ga duk yaron da ke da wani ciwo da ya zauna masa: sikila, asma, farfaɗiya, ciwon suga, gyambon ciki. A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Da za a cike fom, wata 'yar'uwar maigida ta ce mini, "Yaya, kada ki rubuta. 'Ya mace ce, in zance ya fita gobe wa zai zo neman aurenta?" Na ji maganarta, na bar wurin babu komai. Aka shiga hunturu, aka ba autata aikin wanke banɗaki da asuba kamar kowace 'yar aji ɗaya, da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara, ƙafa ba takalmi. Ita kuma kunya ta hana ta cewa uffan. Kwana huɗu ta yi tana yi. A na biyar wayata ta yi ƙara ƙarfe ɗaya na dare, wai ga ta a asibiti, ƙashin baya da ƙafafu sun riƙe. Da na iso, malamar ɗakinsu ta dube ni ta ce, "Hajiya, da kin gaya mana ai da shara kawai za ta riƙa yi." Ban sami abin cewa ba.

Sikila ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kusan jariri ɗaya cikin 50 da ake haifa a Ghana yana zuwa da ita, kuma a nan Kumasi aka fara gwada jarirai tun 1995. Malaman makaranta sun saba gani. Don haka ki je wurin likitan da ke duba yaron, ko a asibitin Komfo Anokye ko na Manhyia ko duk inda katinsa yake, ki ce a rubuta miki wasiƙa zuwa makaranta. Ki roƙi ya faɗi abu uku ƙarara: sunan ciwon, magungunan da yake sha da lokutansu, da ayyukan da bai kamata a sa shi ba, kamar sassabe da adda cikin rana, ɗaukar ruwa daga nesa, ko wanka da ruwan sanyi da asuba. Maganar baki iska ce ke ɗauka, balle a makarantar da malami ɗaya ke kula da yara fiye da ɗari. Takarda mai hatimi ita ce ke shiga fayil.

Magani kuma kada ki cusa shi ƙarƙashin kaya kamar na sata. A lokacin binciken akwati za a iya ƙwace shi. Ki kai wa nas a cikin kwalinsa, da sunan yaron a jiki. Abin shaƙa na asma ne kawai zan ce ki dage ya zauna a aljihun yaron, domin numfashi ba ya jiran a nemo mai makullin ɗakin magani.

Ranar kai yara, yawancinmu muna sauke kaya, mu yi hoto, mu kama hanyar tasha don kada dare ya yi. Ki ware awa guda. Ki nemi hausmasta ko hausmistires, wato malamin ko malamar ɗakin kwana, ki gaisa da kyau, ki faɗi sunanki da unguwarku, ki miƙa takarda hannu da hannu. Daga nan ki ce a nuna miki ɗakin jinya, wanda suke kira sikbe. Ki shiga da ƙafarki. Ki tambayi nas ko a cikin makarantar take kwana ko gida take tafiya da yamma, da wane asibiti suke kai yara, da kuma wace mota ake amfani da ita in abu ya taso da tsakar dare. Amsar da za ki ji a tambaya ta uku ita za ta gaya miki irin barcin da za ki riƙa yi.

Ba a yarda ɗalibai su riƙe waya ba, saboda haka lambar malamin ɗaki ita ce igiyarki. Ki karɓa, ki ba shi naki lambobi biyu, na mutanen da ke ɗaukar waya ko da ƙarfe nawa ne, ba kawun da wayarsa ke kwana a caji a shago ba. Yaron ma ya haddace lambarki da ka, da 112 ta gaggawa, wadda ake kira kyauta. Ki kuma tambayi ƙa'idar eksiyat, takardar izinin fita: wa ke sa hannu, wa aka yarda ya zo ɗaukar yaro. Ni sunan mutum biyu kawai na bayar, na ce ko wa ya zo ban da su a kira ni tukuna.

Yanzu ga wanda ya fi wuya, wato shi yaron. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu da haƙuri da kawaici, kuma abu ne mai kyau, amma a ɗakin kwana kawaici yana iya kashe mutum. Ki zaunar da shi ki gaya masa: zazzaɓi ba a kwana da shi a shiru. Ba a karɓar farasitamol daga aboki a lulluɓa, domin yana saukar da zafin jiki ne ya bar ciwon yana ci. A je a gwada jini, in maleriya ce a sha maganin kwana ukun nan har ƙarshe ko da an ji sauƙi. In ciwon kai ya haɗu da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ƙirji ya riƙe, a tashi malami ko da tsakar dare ne, ko da siniya, wato babban ɗalibi, ya ce a bari sai safe. Mu mutanen nan ba mu manta da Disamban 2017 ba, lokacin da murar H1N1 ta shiga Kumasi Academy a Asokore Mampong, nan kusa da mu, aka rasa ɗalibai. Inda yara ke kwana gado kan gado, ciwo ba ya tafiya a hankali. Gidan sauro kuwa ki nuna masa yadda ake ɗaura shi a gadon sama tun a gida, in ba haka ba zai dawo miki da shi a ledarsa.

Akwai kuma abin da ba zazzaɓi ba. Cin zalin da manyan ɗalibai ke yi wa 'yan aji ɗaya, wasu suna ɗaukarsa al'ada. Aike da wankin kwano na iya wucewa, amma duka, ko ƙwace abinci, ko sa yaro durƙuso har dare, wannan a faɗa. Hukumar ilimi ta GES ta hana bulala a makarantu tun 2017, to in malami ma an hana shi, ina ga ɗalibi? Ki bi matakala: malamin ɗaki, sai babban malamin ɗakuna, sai shugaban makaranta, in ba a ji ba ofishin ilimi na gunduma. Amma in zancen taɓa jiki ne ko neman lalata, ko daga wa ya fito, mace ce 'yar ko namiji, wannan ya wuce a sasanta a ofis. Sashen DOVVSU na 'yan sanda aka kafa don irinsa. Makarantun sakandare suna da malamin ba da shawara, sai dai yaranmu suna ganin zuwa wurinsa tonon asiri ne. Na ce wa tawa, "In abin ya yi miki nauyin gaya mini, je ki gaya wa Madam. Ba zan ji haushi ba." Ta ce, "To, Mma." Sai da ta shiga aji biyu na san ta je sau biyu, saboda kewar gida da ta hana ta barci.

Batun azumi, in yaron na shan magani, likita da malamin addini za su yanke tun yana gida, ba abokai a ɗaki ba. Ki sa ya nemi 'yan GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, su suka san yadda ake sahur da buɗa-baki a wurin.

Ranar ziyara, bayan kin buɗe kular waakye, kada ki tsaya a "lafiya lau" ɗin da zai ce. Ja fatar idonsa ki ga ko ta yi fari. Dubi tsakanin yatsun hannu saboda ƙazwa, ɗaga katifa ki duba ɗinkin saboda kuɗin cizo. Ki ce ya nuna miki inda suke ɗiban ruwan sha. Ni har ƙwayoyin folik asid nake zubawa a tafin hannu in ƙirga. Ziyarar farko na tarar da saura 26 cikin 30, bayan sati uku. Ban yi mata faɗa a gaban ƙawayenta ba. Na ja ta muka tafi wurin nas, aka mayar da shan maganin lokacin koko na safe, a gaban idonta.