Yadda Za Ka Kwafi Sunayen Fayiloli a Kwamfuta Ba Tare da Ka Buga Su da Hannu Ba

A shagona na buga takardu, aikin da ya fi yawa lokacin rajistar jarrabawa shi ne hotunan fasfo na ɗalibai. Makaranta za ta aiko da folda guda, kowane hoto da sunan mai shi, sannan a ce in fitar da jerin sunayen a Excel don a gwada da rajistar aji. Yaran da ke koyon aiki a wurina, abin da suke fara yi shi ne su buɗe foldar a gefe, su riƙa leƙawa suna bugawa ɗaya bayan ɗaya. Ɓata lokaci ne, kuma a nan ake tsallake suna ko a canza harafi. Kwamfuta ta riga ta san sunayen nan, tambayarta kawai za ka yi.

In suna ɗaya kake so, zaɓi fayil ɗin, danna F2, sai Ctrl da C, sai Esc don ka fita ba ka taɓa komai ba.

In suna da yawa, shiga foldar ka danna Ctrl da A, duk su zaɓu. Riƙe Shift, ka danna maɓallin dama na maus a kan fayil na farko, za ka ga an rubuta Copy as path, ka danna shi. A Windows 11 ba sai ka riƙe Shift ba, yana nan a fili, kuma Ctrl da Shift da C ma na yin wannan aikin. Na ce fayil na farko ne da gangan: jerin yakan fara ne daga fayil ɗin da ka danna a kansa, ya gangara ƙasa, sannan ya zagayo ya ɗauko na sama. In ka danna a tsakiya, sai ka ga jerin ya fara daga tsakiya.

Abin da za ka samu ba suna tsura ba ne, da cikakken adireshinsa yake zuwa, tun daga C:\Users har zuwa sunan. Liƙa shi a Excel, danna Ctrl da H, a akwatin sama ka rubuta tauraro da karkatacciyar sanda, wato *\ , akwatin ƙasa ka bar shi fayau, ka danna Replace All. Duk adireshin zai share, sunaye su rage. In kana so .jpg ɗin ƙarshe ma ya tafi, maimaita da shi. A Notepad dabarar tauraron ba ta aiki, kuma za ka ga kowane layi a cikin alamar zance, shi ya sa nake wucewa Excel kai tsaye.

Akwai tsohuwar hanya ta baƙin allo, wadda ni na fi sabawa da ita. Kana cikin foldar, danna wurin adireshi a sama, share abin da ke ciki, rubuta cmd ka buga Enter. Allon zai buɗe a daidai wannan foldar. Rubuta:

dir /b > jeri.txt

Sabon fayil mai suna jeri.txt zai bayyana a foldar da sunayen a ciki, babu adireshi, babu kwanan wata. Shi kansa jeri.txt zai sa sunansa cikin jerin, don ana ƙirƙirarsa ne kafin a fara lissafi, sai ka goge wannan layin. Daɗin wannan hanya shi ne tana jin magana. Ƙara /ad ta ba ka foldoji kaɗai, /a-d fayiloli kaɗai, /s kuma ta shiga har ƙananan foldojin ciki, sai dai a nan adireshi zai dawo. In PDF kawai kake nema, sa *.pdf bayan /b. Wani abu da ke rikita sabon shiga: in sunayen da lamba suka fara, baƙin allo zai jera su 1, 10, 11, 2, alhali a foldar kana ganin 1, 2, 3. Shi harafi-harafi yake dubawa, bai damu da girman lamba ba. Tun farko a riƙa sa 01, 02, an huta.

Inda wannan hanya ke kayar da mu masu Hausa shi ne haruffa masu lanƙwasa. Baƙin allo yana amfani da tsohon tsarin haruffa tun na zamanin DOS, wanda babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsa. Hoton da aka sa wa suna Ɗanladi ko Ƙasimu, sai ka buɗe jeri.txt ka tarar da alamar tambaya a gurbin harafin farko. Sunayen da aka rubuta da haruffan Larabci kuwa gaba ɗaya suke komawa alamomin tambaya. Maganinsa, kafin ka ba da umarnin dir, fara rubuta:

chcp 65001

Wannan ya mayar da allon kan UTF-8, tsarin da ya san haruffanmu. Amma ni yanzu in na ga folda cike da sunayen Hausa ba na ma tsayawa wannan. A wurin adireshin nan sai in rubuta powershell maimakon cmd, in ba shi wannan:

Get-ChildItem -Name | Set-Clipboard

Ba zai nuna maka komai ba, kada ka ɗauka bai yi ba. Sunayen suna riƙe, je ka Excel ko Word ka danna Ctrl da V. Lanƙwasa ba ta ɓacewa, babu adireshin da za ka share, babu ƙarin fayil a foldar mutane. Copy as path ma ba ya ɓata haruffan, don haka wanda baƙin allo ke ba shi tsoro ya tsaya can.

Masu Mac nasu ya fi sauƙi: zaɓi fayilolin a Finder, Command da C, ka liƙa a TextEdit, sunaye kaɗai za su fito. Sai dai ka tabbata ka mayar da takardar rubutu zalla tukuna, da Shift da Command da T, in ba haka ba hotunan ne da kansu za su zubo maka cikin shafin. Mai son adireshin kuma ya haɗa da Option lokacin kwafar.