Yadda Mutanen Ƙauye Za Su Kafa Asusun Kai Mai Naƙuda Asibiti da Hannunsu

Da yawa daga cikin matan da ake rasawa wajen haihuwa a ƙauyukanmu, tun a tsakar gida lokaci ke ƙure musu. Naƙuda ta kwana ta wuni, maigida ya tafi cin rani, uwar miji tana cewa a ƙara haƙuri zuwa asuba, ungozoma ta yi iya yinta, kuma a duk gidan babu mai kuɗin man babur. Masana lafiya sun daɗe da kasa wannan jinkiri gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa asibiti. Na ukun yana wuyan hukuma da ma'aikatanta, amma biyun farko mutanen gari suna iya rage su da kansu, idan sun tanadi kuɗi, da abin hawa, da izini tun kafin ranar ta zo. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ake wannan tanadi ta hanyar da zai ɗore, kuma ya kai ga waɗanda aka saba mantawa da su.

Aikin farko shi ne a san su wane ne ba a gani a taron gari. A kowane ƙauye akwai su: Fulanin da ke ruga bayan rafi, zawarawa da matan da mazajensu suka rasu, waɗanda rikici ya koro suka raɓe a gefen gari, makafi da guragu da kurame, da amare masu cikin fari waɗanda kunya ba ta barin su su ce suna jin ciwo. Waɗannan su ne suka fi nisa da asibiti, su ne kuma suka fi ƙarancin wanda za su ranci kuɗi a wurinsa cikin dare. Hanya mai sauƙi ta gano su ita ce a tara mutane a share fili, a zana taswirar garin a ƙasa da tsinke, a sa dutse a kan kowane gida mai mai ciki, a barbaɗa toka a inda hanya ke yankewa da damina, sannan a tambayi dattawan mata a wane gida da wane gida aka sha wuyar haihuwa cikin shekara biyu da suka wuce. Wanda bai iya karatu ba yana iya gyara wannan taswira da yatsansa, kuma sau da yawa shi ne zai nuna tungar da kowa ya manta. Dole a yi wa mata zamansu daban a cikin gida, domin matar da ke kulle ba za ta buɗe baki ta yi maganar jini da mabiyya a gaban dagaci ba.

Kafin wannan zama, a fara gaishe da dagaci da mai unguwa da liman, a je wa arɗo har rugarsa, a nemi sarkin makafi ko shugaban guragu idan garin yana da su. Albarkarsu ake nema da goyon bayansu, kuma yana da kyau a faɗa musu cikin ladabi tun farko cewa kuɗin asusun zai zauna a hannun matan da suka tara shi.

A kan maganar kuɗi, ba sai an je nesa neman abin koyi ba. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara a jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara. An gina shi ne a kan adashin da mata suka riga suka sani, sai dai maimakon mutum ɗaya ta kwashe zubin gaba ɗaya, kuɗin yana taruwa a akwati, ana ba da rance daga ciki, kuma a ƙarshen zango a raba wa kowa gwargwadon abin da ta zuba. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, kuma abin da ya sa ya yi ƙarko shi ne babu kuɗin baƙo a cikinsa. Yadda aka fi gudanar da irinsa yanzu, mata 15 zuwa 30 ne ke haɗuwa mako-mako, akwatin ƙarfe yana da kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam-dabam, ta huɗu kuma ita ke ajiye akwatin, ta yadda ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Ana ƙirga kuɗi a bayyane a kan tabarma, a faɗi jimilla da babbar murya, kuma a taro na gaba a tambayi jama'a nawa aka bari kafin a buɗe.

Abin da asusun haihuwa ke buƙata a kan wannan tsari shi ne jaka ta biyu, wadda ba a rancen sana'a daga cikinta, ba a taɓa ta don biki ko suna. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin akwati mai kwaɗo uku ba ya amfanar mai zubar jini da ƙarfe biyun dare idan ɗaya daga cikin masu mabuɗi ta tafi unguwa wani gari. Saboda haka a ware adadin da zai isa tafiya ɗaya zuwa babban asibiti mafi kusa, da man dawowa, da kuɗin kati da magungunan farko, a damƙa shi ga mace ɗaya amintacciya mai zama a gida, wadda aka yarje mata ta miƙa shi nan take ba tare da jiran taro ba, ta kawo bayani a zama na gaba. Yawan zubin kuwa, a bar mafi talaucin cikinsu ta faɗi abin da za ta iya a mako, shi ne zai zama ma'auni. A yarda da zubin tiyar gero ko wake da kaka, ko kuɗin nono daga matan ruga ranar kasuwa. A kuma yanke tun farko cewa ana kai mace asibiti ko ba ta cikin ƙungiya, a yi maganar biya bayan ta tashi, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. A ganina wannan sharaɗi shi ne ke bambanta asusun gari da adashin masu hali, kuma ƙungiyar da ta ƙi shi za ta wayi gari tana hidimar waɗanda dama suna da mai kai su.

Kuɗi ba ya fitar da mace daga gida idan babu izini. Abin da ya yi amfani a wurare da dama na arewacin Najeriya shi ne izini na dindindin: maigida ya furta a gaban mahaifiyarsa da wani maƙwabci cewa duk lokacin da matarsa ta shiga haɗari a kai ta asibiti, yana nan ko ba ya nan. Lokacin da ya fi dacewa a karɓi wannan magana shi ne bayan girbi, kafin maza su watse cin rani, kuma idan liman ya ambace ta a huɗuba ko a wajen ɗaurin aure, nauyin furta ta yana raguwa. A yankin Damagaram an kafa abin da ake kira makarantar mazaje da tallafin asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta da ake ganin mutuncinsu ke zama suna tattauna lafiyar iyali, sannan su ja hankalin 'yan uwansu maza a majalisa. Ko babu wani tallafi, magidanta goma suna iya yin irin wannan zama a ƙofar masallaci bayan la'asar. Mai cikin farin da ta tafi goyon ciki gidan iyayenta kuma, a tabbatar izinin ya bi ta can.

Sai abin hawa. A wasu jihohin arewa an yi shiri da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, inda direban da ya ɗauki mai naƙuda yake karɓar kuɗin mai kawai, a saka masa da ba shi lodi ba tare da bin layi ba a tasha. A je wa shugaban tasha mafi kusa a tambaya ko akwai irin wannan, idan babu a nemi ya yarda a fara. A samu direbobi ko masu babur aƙalla uku, a rubuta lambobinsu a bangon masallaci da gidan ungozoma, a daidaita kuɗin rana da na dare tun ana zaune lafiya, a kuma ajiye galan ɗin mai a inuwa nesa da murhu. Garin da rafi ke yanke shi da damina yana buƙatar shiri na biyu: amalanke ko kwalekwale zuwa bakin titi, mota ta tarye su a can. Macen da aka riga aka gaya mata a wajen awo cewa haihuwarta na iya zuwa da matsala, gara asusun ya taimaka mata ta koma gidan dangi kusa da asibiti tun watanta bai kama ba.

Duk wannan tanadi yana jiran mutum ɗaya ne ya ce lokaci ya yi, don haka kowa a gida ya san alamomin: zubar jini kafin haihuwa ko mai yawa bayanta, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannuwa, naƙudar da ta wuce awa 12, fitowar hannu ko cibiya kafin kai, mabiyya da ta ƙi faɗowa bayan rabin awa, da zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu, doguwar naƙuda kuma ita ce ke kai mata asibitin Babbar Ruga da ke Katsina da yoyon fitsari. Mata suna riƙe alamomin da sauri idan aka sa su a waƙa ana nuna kowace a jiki. Ungozoma kuwa a girmama ta, a mai da ita 'yar rakiya, a ba ta sabulunta da hatsinta kamar yadda aka saba ko da a asibiti aka haihu, domin idan tura mace asibiti zai raba ta da abincinta, za ta yi ta jinkiri.

Wakilan ƙungiya su ziyarci asibitin da ake kai mata tun babu marar lafiya, su san wa ke kwana a wurin, su san inda ake tiyata da ƙarin jini, don kada a ɓata awa guda a ƙaramin asibitin da zai sake tura su gaba. Samari goma ko fiye su je a auna rukunin jininsu, a rubuta sunayensu. A Najeriya akwai kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido a kan asibitocin matakin farko, a Nijar ma kowace cibiyar lafiya tana da kwamitin gudanarwa na jama'a; ƙungiyar ta nemi kujera a ciki, ta kuma tura mace daga cikin waɗanda suka fi nisa da asibitin.

Idan wata ƙungiya ko ɗan siyasa ya kawo gudummawa, a karɓi abu mai ɗorewa kamar amalanke, fitila mai amfani da hasken rana ko horo, amma kada a dakatar da zubin mako saboda shi. A riƙe littafi guda da ɗalibar gari za ta riƙa rubuta wa aka kai, da wane lokaci aka tashi, da wane lokaci aka isa, da nawa aka kashe, a karanta shi a bainar jama'a duk wata uku. Ranar da aka yi rashi duk da wannan ƙoƙari, a bari a yi sadakar bakwai, sannan a zauna da dangin mamaciyar ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, a bi daren awa bayan awa, a gano inda aka tsaya: wajen neman izini ne, ko wayar direba ce a kashe, ko kuɗin da ke hannun ma'ajiya bai kai ba. Abin da aka gano a gyara shi a wannan zaman, kuma a cike jakar gaggawa kafin a tashi.