Mayar da Gajiyayyu Gida Bayan Yaƙi: Kurakuran da Ake Ta Maimaitawa a Borno

Tun 2021 da gwamnatin Borno ta soma rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri, irin su Bakassi, daga baya kuma Dalori, dubban iyalai suka kama hanyar garuruwansu. Wasu sun dawo Banki daga sansanin Minawao na Kamaru, bisa yarjejeniyar da Najeriya da Kamaru da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNHCR) suka sa wa hannu a Maris 2017. Wasu kuma daga yankin Diffa na Nijar suka nufi Malam Fatori. Ba wanda zai ƙi mutum ya koma gidansa. Matsalar ita ce kusan duk shirin da ake yi, magidanci mai ƙafa biyu da ƙarfin ɗaukar buhu ake yi wa. Tsohuwa, makaho, gurgu da majinyaci sai a lissafa su cikin kayan da za a loda. Daga nan sauran kurakuran suke tsirowa.

Na farkonsu a wajen rajista yake. Mai rubutu ya zauna ƙarƙashin rumfa, ya ce kowane mai gida ya zo ya faɗi yawan iyalinsa. Wanda ya iya tsayuwar layi ya samu kati. Dattijuwar da 'ya'yanta suka mutu ko suka ɓace, take raɓe a tantin maƙwabta, ba ta cikin iyalin kowa, don haka ba ta cikin takarda. Mai taɓin hankali kuwa danginsa ne da kansu suke ɓoye shi saboda kunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata nakasa mai tsanani. Idan ka ƙirga sansanin da ya fito daga yaƙi ka samu biyu ko uku cikin ɗari, ƙidayarka ce ba ta kai ba. Gyaran shi ne a bi tanti tanti, tare da mace ma'aikaciya da za ta iya shiga wajen mata. Kada a tambaya "akwai nakasasshe a gidan nan?", domin amsar a'a ce. A tambaya: wa ba ya gani sosai, wa ba ya ji, wa ba ya iya zuwa bayan gida shi kaɗai, wa yake shan magani kullum? A kuma nemi sarkin makafi da sarkin guragu, sun fi kowane ofis sanin mutanensu. Sannan na'urar dangwala yatsa takan ƙi karɓar yatsun kuturu da na tsohon da fartanya ta cinye zanen hannunsa. A tanadi wata hanyar tantancewa tun kafin ranar rabo, kada a ce masa ya dawo gobe.

Kuskuren da ya fi kisa, a ganina, shi ne yanke magani. Ba ya yin ƙara, shi ya sa ba a lura da shi. Mai tarin fuka yawanci yana buƙatar wata shida yana shan magani ba fashi. Idan aka ɗauke shi a wata na uku aka kai shi garin da asibitinsa kango ne, ciwon zai iya dawowa a yanayin da ba ya jin maganin farko, ya kuma yaɗa shi a ɗaki ɗaya da jikoki. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ba zai taɓa ɗaga hannu a bainar jama'a ya ce nasa maganin ya kusa ƙarewa ba. Mai farfaɗiya da aka yanke wa ƙwaya farat ɗaya zai iya faɗuwa a bakin murhu ko a bakin rijiya. Ga masu hawan jini, ga masu ciwon suga da allurar insulin ɗinsu ba ta jure zafin Afrilu na Borno, inda yakan wuce digiri 40.

Abin yi a nan ba shi da wuya, sai dai yana son a fara shi makonni kafin motoci su iso. Kowane majinyaci ya tafi da takarda daga asibitin da yake zuwa, an rubuta ciwonsa, sunan maganin da yadda ake sha, ya kuma bar kwafi wajen wani ɗan uwa. A ba shi maganin da zai kai shi aƙalla wata uku. Wani ma'aikaci ya je garin da ƙafarsa ya ga ko akwai malamin asibiti da yake kwana a can, domin gini mai sabon fenti ba ya duba mara lafiya. Idan babu firiji, a koya wa iyali ajiye insulin cikin tukunyar ƙasa da jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Wanda jinyarsa ta ɗaure shi da Maiduguri, kamar mai wankin ƙoda ko mai zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, a bar shi ya zauna kusa da likitansa tare da mai jinyarsa, kuma a ba shi tallafinsa cikakke kamar wanda ya tafi.

Wannan ya kawo mu kan yardar mutum. Yarjejeniyar Kampala ta 2009, ta Tarayyar Afirka kan 'yan gudun hijira na cikin gida, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, ta ce komawa gida da son rai ake yi, cikin aminci da mutunci, kuma mutum yana da zaɓin zama inda yake ko wani wuri daban. Amma in an yi shela da lasifika, kurma bai ji ba. In an manna takarda, makaho bai gani ba. Sai a tambayi ɗa a madadin uwarsa, alhali ita ce za ta zauna a can. A durƙusa a tambaye ta da harshenta, Kanuri ne ko Shuwa ko Hausa ko wani yaren Gwoza: "Iya, kina son komawa? Wa zai ɗebo miki ruwa a can?" Wasu tsofaffin su ne suka fi kowa matsuwa su koma, suna son a binne su kusa da iyayensu, wannan kuma haƙƙinsu ne. Wasu abin da idonsu ya gani a garin bai bar su su sake kwana a cikinsa ba. Kuma duk inda aka ce abinci ya ƙare a nan, kuɗi yana can, to an riga an yi wa mutum zaɓin.

Ranar tafiya, kada a ɗora mara lafiya a bayan tirela saman buhuna. A ware mota mai kujeru, ma'aikacin lafiya a ciki, mai jinya kusa da majinyacinsa, keke da sanda kuma su tafi tare da mai su.

Sai gidajen da ake ginawa. Rukunin gidaje ɗaruruwa iri ɗaya, kowane da dakali mai tsawo a ƙofa, masai na tsuguno a can nesa, rijiyar burtsatse a ƙarshen unguwa. Dokar hana nuna bambanci ga nakasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta gine-ginen jama'a su zama masu shiguwa ga kowa, kuma gyaran yana da arha idan tun wajen aza tubali aka yi shi: gangara a maimakon matakala, ƙofa mai faɗin keke, ƙarfen dafawa da kujerar zama a masai, igiya daga ɗakin makaho zuwa bayan gida. A rabon gidaje, a ba gajiyayyu na kusa da ruwa da asibiti, amma kusa da danginsu. Tara su a layi guda a kira shi unguwar nakasassu yana raba su da masu taimakonsu ne kawai. Keken guragu na asibiti mai siririyar taya kuma ba ya tafiya a yashi. Mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda mai walda da mai faci na gari za su iya gyarawa, ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Mai ƙafar roba yana buƙatar a riƙa duba ta, yaro ma yakan yi girma tasa ta yi masa kaɗan, don haka a rubuta yadda zai riƙa zuwa cibiyar gyaran gaɓoɓi ta asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri da wanda zai biya kuɗin mota.

Tallafin sallama na lokaci ɗaya an gina shi ne kan tunanin cewa mutum zai yi noma ko sana'a kafin ya ƙare. A garuruwan da sojoji suka zagaye da rami, gona da itacen girki suna waje, inda ake fargabar hari da nakiyoyin da aka binne. Matashi ma da shahada yake fita. Tsoho mai shekara tamanin da aka bar masa marayu huɗu ba inda za shi, sai ya tura yaran. Irin wannan gida tallafin wata wata yake buƙata, a kai masa har ƙofa, ko ya zaɓi wakilinsa da kansa a gaban bulama, a kuma riƙa komawa ana tambayarsa ko kayan sun iso hannunsa.

Bayan an sauke mutane an ɗauki hoto, yawanci ba mai waiwayarsu. A riƙe sunayen nan da aka tattara tanti tanti, a miƙa su ga ma'aikacin lafiya na garin da bulama, a koma a duba kowa bayan mako biyu, sannan bayan wata uku, lokacin da maganin da aka ba su yake gab da ƙarewa.