Ƙyallayen tela ba shara ba ne

Salam 'yan uwa, mai tsohuwa a gida da zaman banza ya isheta ga shawara. Ku je wajen tela ku roƙi ragowar ƙyallayen atamfa, yawanci kyauta ma suke bayarwa musamman bayan ɗinkin sallah. A wanke buhun shinkafa, a yayyanka ƙyallen kamar tsawon yatsa biyu, sai ta riƙa cusawa da basilla tana ƙullewa layi layi har buhun ya cika, shikenan an samu abin goge ƙafa na bakin ƙofa. Kakata haka take yi tana jin rediyo, ita da idonta baya ganin kafar allura. Amma ku yanka mata da kanku, almakashi yana gajiyar da yatsun tsofaffi. Leshi kam ku barshi, zarewa yake.