Yadda ake shirya fim ɗin tafiya cikin zamani ba tare da labari ya cakuɗe ba

Yawancin masu son shirya fim ɗin da jarumi zai koma shekarun baya ko ya leƙa gobe, da na'urar da za ta kai shi can suke fara damuwa: wace iri za a ƙera, nawa za ta ci. Ajiye wannan tukuna. Abin da ke kayar da irin wannan fim ruɗewar labari ne.

Mataki na farko, kafa dokarka. In jarumi ya koma baya ya hana iyayensa haɗuwa, me zai same shi? Ko dai tarihi ya canza shi ma ya shuɗe, ko ya tarar duk abin da ya yi dama shi ne ya faru tun asali, ko kuma duniya ta yi reshe biyu. Zaɓi ɗaya, ka rubuta, ka manna a bango. Masu fim ɗin Back to the Future na 1985 dokar farko suka ɗauka, suka nuna shi da hoton 'yan gida ɗaya da ke dusashewa ɗaya bayan ɗaya. Hoton nan ya hutar da su dogon jawabi. Kai ma nemi wani abu da ido zai gani ya fahimci dokar.

Na biyu, samo babbar takarda ka ja layi biyu. A na sama ka jera abubuwa yadda suka faru bisa kalanda, a na ƙasa yadda jarumin ya riske su a rayuwarsa. Kowace fitowa a ba ta gurbi a layukan biyu, a rubuta abin da kowa ya sani a lokacin. Aiki ne mai gundura, amma a nan ake kama ɗan wasan da ke kukan mutuwar da bai kamata ya ji labarinta ba tukuna.

Sai na'urar. A rubutun farko na Back to the Future, firiji ne, daga baya aka koma motar DeLorean mai tsallakawa idan ta kai gudun mil 88 a awa. Darakta Shane Carruth kuwa akwati kawai ya haɗa a ɗakin ajiyar kaya, ya yi fim ɗin Primer da kusan dala 7,000, ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Sundance na 2004. Tun 1962 darakta Chris Marker ya yi nasa fim ɗin, La Jetée, a Faransa, minti 28, kusan duka da hotuna marasa motsi. Wato dai rashin kuɗi ba hujja ba ce.

Mataki na huɗu shi ne inda gumi yake: gina zamanin da za a je. A ce jaruminka ya faɗa Kano ta 1970. In ya zaro naira ka tafka kuskure, don sai 1973 ta fito. Fam da sule ake kashewa. Motoci ma ta hannun hagu suke bi har zuwa 1972. Kafin ka kafa kyamara, duba sama ko akwai turken sabis ko farantin sola, duba ƙasa ko akwai ledar fiya wata, ka kasa kunne ko ƙarar janareta da A Daidaita Sahu na shigowa. Ka zauna da dattawan da suka ga lokacin, su gaya maka ɗinkin da ake yayi da yadda ake gaisuwa. Dabara mai araha ita ce ɗaukar wuri ɗaya daga kusurwa ɗaya a zamani biyu. Darakta George Pal ya yi haka a 1960 a fim ɗin The Time Machine da mutum-mutumin tagar shago wanda tufafinsa ke ta sauyawa, fim ɗin ya ci Oscar a fannin dabarun hoto.

Wajen ɗauka, gama duk fitowar zamani ɗaya kafin ka shiga wani. In akwai gemu, fara da masu gemun, aski ya biyo baya. Sa mutum guda wanda aikinsa kawai ɗaukar hoton sutura, agogo da tabon rauni da wayarsa. Idan jarumi zai haɗu da kansa, ɗaure kyamara a kan ƙafarta kada kowa ya taɓa, ya yi wasansa a dama, ya sake kaya ya yi a hagu, a haɗa a kwamfuta. A hanzarta, don inuwa na gusawa ɗinkin zai fito fili.

A wurin tacewa, ba kowane zamani launinsa da sautinsa, yadda mai kallo zai san inda yake ba sai an rubuta masa shekara ba. Sannan ka kira wanda bai taɓa jin labarin ba, ya kalla kai kana shiru, ya maimaita maka abin da ya gani. Duk inda ya yi tuntuɓe, koma kan takardar layi biyun nan ka duba wace fitowa ce ta bar gurbinta.